Allah Tare da Mu: Labarin Rowland Bingham

Ga watan Disamba ya kama. An gama girbi, an ɗaure dammuna, an kai hatsi rumbu. Hunturu ya sauko, yara kuwa sun fara tambaya ko za a ɗinka musu sababbin riguna. A waɗansu gidaje na Tibiri da ƙauyukan Arewa rumbu ya cika. A waɗansu bai kai rabi ba. A waɗansu kuma akwai tabarmar da ba kowa a kanta, gama wanda aka ci Kirsimatin bara da shi ya riga mu gidan gaskiya.

Kowace shekara a kan karanta mana Matta 1:23, inda aka kira Jaririn Baitalami da suna Immanuwel. Sunan yana shaida mana cewa Allah ya sauko domin ya zauna da mutane. Amma idan rumbu bai cika ba, ko ciwo ya shiga gida, zuciya ta kan tambaya a ɓoye ko Allah yana nan da gaske. Akwai wani bawan Allah da wannan tambaya ta kusa kayar da shi. Sunansa Rowland Bingham, ɗaya daga cikin samari ukun da suka fara aikin mishan na S.I.M. Ka karanta labarinsa a hankali, ka karanta wa iyalinka kuma.

MARAYA A ƘASAR INGILA

An haifi Bingham a garin East Grinstead na ƙasar Ingila ran 19 ga Disamba 1872, saura kwana shida Kirsimati. Yana da shekara 13 ubansa ya rasu. Talauci ya shiga gidan, dole yaron ya fara neman abin da zai taimaki uwarsa da shi.

Ingila ƙasa ce mai majami'u da yawa. Bingham ya ci Kirsimati sau da dama tun bai san Mai Kirsimatin ba. Sai da ya kai shekara 15 ya ji wa'azin waɗansu masu bi da a ke kira Rundunar Ceto, waɗanda su kan yi wa'azi a titi. Maganar Allah ta soki zuciyarsa. Ya gane shi mai zunubi ne, ya tuba, ya ba da gaskiya ga Yesu.

Nan da nan aka ga bambanci. Uwarsa tana da ɗan kanti inda a ke sayar da taba, shi kuwa zuciyarsa ta daina yarda masa ya sayar. Wannan ya sa zaman gida ya yi masa wuya. Yana da shekara 16 ya hau jirgin ruwa zuwa Kanada. Can ya yi aikin gona, ya yi wa'azi, daga baya ya zama mataimakin wani fasto a birnin Toronto.

NAWAYAR WATA UWA

A Toronto ya sadu da wata dattijuwa mai tsoron Allah, Uwargida Gowans. Ta kira shi gidanta, ta ba shi labarin wata babbar ƙasa a Afirka wadda a zamanin nan Turawa su ke kira Sudan. Sunan nan a lokacin ya haɗa dukan ƙasashen da ke kudu da Sahara, tun daga kogin Kwara har zuwa kogin Nilu. Ƙasar Hausa tana ciki, Arewa tamu tana ciki. Ana lissafin mutanenta sun kai miliyan 60 ko fiye, ba kuwa mai yi musu bishara. Ɗanta Walter ya riga ya tashi zuwa Ingila yana neman hanyar tafiya. Manyan ƙungiyoyin mishan sun ƙi aikensa, suka ce ba kuɗi, zazzaɓi kuma zai kashe shi.

Maganar ta hana Bingham barci. Ya bi Walter Gowans zuwa Ingila. Wani abokin Walter, Thomas Kent, mutumin Amurka, ya zama na uku. Ba ƙungiyar da ta tsaya musu, ba albashi. Suka sauka a Ikko ran 4 ga Disamba 1893. Bayan mako biyu Bingham ya cika shekara 21.

KIRSIMATI BIYU

Kirsimatinsu na fari a Afirka, su uku ne, da ƙarfinsu da begensu. Wani babban ma'aikacin mishan da ya daɗe a Ikko ya faɗa musu a fili cewa ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma ba za su gan ta ba, sai watakila jikokinsu. Ba su karaya ba. Suka keɓe kwanaki domin addu'a, suka sayar da waɗansu kayansu domin guzuri.

Ba a daɗe ba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham. Aka shirya shi ya tsaya a baya ya riƙa aika musu kaya, Gowans da Kent kuwa su nufi arewa. A hanya Gowans ya faɗa hannun mahara masu kamun bayi, aka ƙwace kayansa, daga baya aka sake shi. Ciwo ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a Girku, a ƙasar Zazzau, cikin Nuwamba 1894. Thomas Kent ya rasu a Bida cikin Disamba na wannan shekara. Kafin Kirsimati na biyu ya zo, biyu cikin ukun suna kabari. Ba su gina majami'a ko ɗaya ba, ba su yi wa kowa baftisma ba.

A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai. Ya ɗauki 'yan kayan Walter ya kai wa uwarsa. Ka yi tunanin nauyin ƙafarsa a ƙofar gidan nan. Dattijuwar ta riƙe hannunsa, ta nuna masa cewa mutuwar ɗanta a Sudan cikin biyayya ga Ubangiji ta fi mata a ce yana zaune a gida da rai yana ƙin kiran Allah. Ta ci gaba da addu'a domin ƙasar da ta cinye ɗanta.

DUHUN ZUCIYA

Ita uwar ta tsaya, amma shi Bingham bangaskiyarsa ta girgiza har gindi, shi da kansa ya rubuta haka daga baya. Ga dalilin. Tun a Kanada an koya masa cewa mai bi na gaskiya, idan ya dogara ga Allah sosai, ciwo ba zai kayar da shi ba. Da wannan koyarwa ya tafi Afirka. To, ga shi Gowans da Kent, waɗanda ba wanda ya fi su ba da kai, sun mutu tun ba su fara aikin ba. Sai ya fara tambaya ko alkawaran Allah gaskiya ne, har ma ko Littafi Mai Tsarki maganar Allah ne. Watanni ya yi cikin wannan kokawa.

Bai gudu daga Littafin ba. Ya koma ya bincike shi da kyau, har ƙafarsa ta sāke samun dutse. Ya ga cewa Allah bai karya alkawarinsa ba. Mutane ne suka sa wa Allah maganar da bai faɗa ba. Ya shiga wani asibiti a Amurka ya koyi aikin magani, ya yi karatun Littafi Mai Tsarki a birnin New York, ya zama fasto a garin Newburgh. A 1898 ya auri Helen Blair, wadda ta tsaya tare da shi dukan kwanakinsa.

A 1900 ya sāke komawa Ikko da samari biyu. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya sāke buge shi, aka ɗauke shi zuwa jirgi aka mai da shi gida. Samarin nan biyu suka karaya, suka biyo shi a jirgi na gaba. Shekara bakwai ke nan, abin da a ke iya nunawa kaburbura biyu ne kawai. Mutane suka ce aikin ba na Allah ba ne. Bingham ya lissafta wannan lokaci shi ne mafi duhu a rayuwarsa. Duk da haka bai saki Ubangiji ba, gama ya riga ya san Ubangiji bai sake shi ba.

ABIN DA KOMIN DABBOBI KE KOYA MANA

Ɗan'uwa, tsaya nan kaɗan, gama a nan ne labarin Bingham ya gamu da labarin Kirsimati. Buɗe Luka sura 2 da Matta sura 2 ka duba da idonka. Sa'ad da Allah ya zo wurinmu, uwarsa ta haihu a garin baƙunci, ba wuri a masauki. Aka kwantar da shi a komin dabbobi. Da aka kai shi Haikali, hadayar matalauta aka miƙa, wato tsuntsaye biyu. Ba a daɗe ba Yusufu ya tashi da dare ya gudu da su Masar saboda sarki Hirudus. Allah yana cikin gidan nan da kansa, a bayan Maryamu a ke goye da shi, amma gidan ya sha talauci da tsoro da gudun hijira.

Ashe, zaman Allah tare da mutum ba a auna shi da cikar rumbu ko lafiyar jiki. Allah ya kan ba da waɗannan, mu kuwa mu kan roƙe shi, mu gode masa. Amma kyautar Kirsimati ta fi su girma. Zunubi ya raba mu da Allah, ba mu da tsanin da za mu hau wurinsa. Ba sadaka, ba yanka, ba laya, ba aikin kirki da zai kai mu. Saboda haka shi ya sauko. Ɗan Allah ya ɗauki jiki irin namu, ya ji yunwa, ya gaji, ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa Li'azaru. Ya mutu a kan gicciye domin zunubanmu, ya tashi a rana ta uku. Ya haɗa kansa da mu domin mu zama a haɗe da shi. Duba Yohanna 1:12-14 da Galatiyawa 4:4-7.

Kai manomi ne, ka san auren mangwaro. A kan yanki reshe, a tsaga jikin ɗan itace, a haɗa su, a ɗaure tam. Bayan 'yan makonni, idan ya kama, ruwan gindi ya kan hau cikin reshe, su zama itace guda. Mu mu kan aura reshe mai daɗi a kan gindin da ba shi da daɗi. Allah kuwa ya yi akasin haka, kamar yadda Manzo Bulus ya bayyana a Romawa 11. Ya ɗauko mu, rassan jeji, ya aura mu a kan gindi mai kyau. Ba a yin auren itace sai an tsaga gindin, Yesu kuwa an tsaga jikinsa dominmu. Cikin Yohanna 15 ya kwatanta kansa da kuringar inabi, mu kuma da rassa. Reshen da ya kama, iskar hunturu za ta kaɗa shi, ganyensa ma ya zuba, amma ba zai bushe ba, gama ransa daga gindi ya ke fitowa.

Wannan shi ne abin da ya riƙe Bingham sa'ad da lafiya ta tafi, abokai suka mutu, aiki ya rushe sau biyu. A 1921 ya buga littafi a kan abin da maganar Allah ke koyarwa game da jikin mutum. A ciki ya nuna cewa Allah yana warkarwa, amma shan magani ba rashin bangaskiya ba ne, ciwo kuma ba shaidar cewa Allah ya yashe mutum ba ne. A 1924 ya kafa wurin taron masu bi a Kanada, wanda aka kira Keswick, inda a dā kowace shekara a kan taru a koyi zaman Kristi cikin zuciyar mai bi. Ka riƙe wannan, ya maigida. Idan yaro ya yi zazzaɓi, ka yi addu'a, ka kuma kai shi likita da wuri. Ka rataya gidan sauro. Yin haka bai rage dogararka ga Allah ba.

YADDA BISHARA TA ISO GARE MU

Bingham ya sāke shirya waɗansu mutum huɗu, suka tashi a 1901. A 1902 suka kafa tashar mishan ta fari a Patigi, ƙasar Nufe, a bakin Kwara. A wannan lokaci an riga an gano cewa sauro ne ke kawo zazzaɓin, ma'aikata kuma suna shan kwinin. A wannan shekara ne Likita Andrew Stirrett ya shiga aikin, wanda Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani. Ya yi fiye da shekara 40 yana wa'azi da Hausa, ya kuma sa hannu cikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga dukansa a 1932.

Shi Bingham, mai marmarin zama a Sudan, Allah ya ba shi wani aiki dabam. Yawancin shekarunsa a Toronto ya yi su, yana rubutu, yana yawon majami'u, yana tara masu addu'a, yana aiken waɗansu zuwa inda jikinsa ya kāsa zama. Ya kan zo ziyara ya koma. Bai yi gunaguni a kan rabonsa ba.

Daga Nijeriya aikin ya haura arewa. A 1924 ma'aikatan S.I.M. suka zauna a Damagaram. Bayan 'yan shekaru suka buɗe tasha a Tibirin Gobir kusa da Maraɗi. Aikin ya kai Dogon Dutsi da ƙasar Arewa. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi. Littafin Hausa da ke hannunka da waƙoƙin da za ku raira ran Kirsimati, ta wannan hanya suka zo, hanyar da ta bi ta Girku da Bida.

Akwai kuma wani abin da ya faru a ƙasar Habasha wanda ya hatimce darasin. S.I.M. ta shiga can a 1927. Sa'ad da sojojin Italiya suka ci ƙasar, aka kori ma'aikatan mishan. A 1937 suka bar ƙasar Walamo, wadda yau a ke kira Wolayta, da masu bi 48 kaɗai da aka yi wa baftisma. Aka tsananta musu, aka yi wa shugabanninsu bulala, aka kulle su. Ba Bature, ba kuɗi daga waje, ba su da cikakken Littafi da harshensu. Bayan shekara biyar, da hanya ta buɗe, aka tarar da dubban masu bi da ikilisiyoyi da yawa. Mishan ya tafi, amma Immanuwel bai tafi ba.

Bingham ya rasu a Toronto ran 8 ga Disamba 1942, shekara 49 bayan saukarsa a Ikko, saura kwana kaɗan ya cika shekara 70. A lokacin ma'aikatan S.I.M. sun kai wajen 400. Ba mu ba da labarinsa domin a ɗaukaka shi ba. Mutum ne kamarmu, wanda ya yi rawar ɗari da zazzaɓi, ya yi shakka, ya yi kuka. Wanda ya riƙe shi, shi ne abin yabo.

KAI FA?

Yanzu maganar ta dawo kanka, ya mai karatu. Akwai reshen da aka jingina a jikin itace, akwai kuma reshen da ya kama. Daga nesa kamanninsu ɗaya ne, sai rani ya yi tsanani a ke gane su. Watakila an haife ka a gidan Kirista, sunanka Yohanna ko Maryamu, ka san waƙoƙin Kirsimati da ka, ba ka fashin sujada. Bingham ma ya yi shekara 15 a ƙasar majami'u kafin ya kama. Bangaskiyar ubanka ba za ta shiga jikinka don kuna cin tuwo a akushi ɗaya ba. Dole kai da kanka ka zo.

Hanyar ba ta da wuya ga mai tawali'u. Ka yarda a gaban Allah kai mai zunubi ne, ka ambaci zunubin da sunansa, ka rabu da shi. Ka gaskata Yesu ya mutu dominka, ya kuma tashi. Ka roƙe shi da bakinka, da Hausarka, ya shigo ya mallaki zuciyarka. Ru'ya ta Yohanna 3:20 ta nuna shi tsaye a bakin ƙofa yana ƙwanƙwasawa. A Baitalami ba a ba shi wuri ba. Kada gidanka ya zama masauki na biyu da zai mai da shi.

Idan kuwa ka riga ka karɓe shi, amma bana zuciyarka ta yi sanyi saboda rashi ko ciwo ko bashi, kada ka ce ya bar ka. Karanta Romawa 8:35-39, ka ga jerin abubuwan da ba su da ikon raba ka da ƙaunarsa. Yunwa tana cikin jerin, mutuwa ma tana ciki. Ka yi abin da Bingham ya yi cikin duhunsa: ka koma ga Littafin, ka faɗa wa Ubangiji damuwarka ba ɓoyewa, kada kuma ka ware kanka daga taron 'yan'uwa.

Ku iyaye, kada ku ci bashi ko ku taɓa irin shuka saboda shinkafa da sabon zane na kwana ɗaya. In akwai, ku ci da godiya, ku aika wa gwauruwa da maraya da maƙwabci, Kirista ne ko ba Kirista ba. In babu, tuwon hatsi da miyar kuka sun isa biki a gidan da Yesu ya ke. Daren Kirsimati ku tara yara a bakin wuta, ku karanta musu Luka sura 2, ku yi addu'a tare. Idan akwai wata rashin jituwa tsakanin miji da mata ko tsakanin 'yan'uwa, ku shirya kafin gari ya waye, gama rassan da ke kan gindi ɗaya ba su yi wa juna gaba.

In kana da tambaya a kan abin da ka karanta, ka tafi wurin fasto ko wani dattijon ikilisiya da ke kusa da kai, zai yi murnar buɗe Littafin tare da kai. In ka gama da wannan 'yar takarda, ka miƙa ta ga wani. Ubangiji ya sa Kirsimatin bana ya same ka a haɗe da shi. Amin.